Sana'ar Su a Tafki Mai Zurfi: Neman Giwan Ruwa da Kama Shi a Lokacin Bazara

1.0 Gabatarwa

Su yana daga cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa na gargajiya. Galibin bayanan da ake yi wa ɗalibai game da wannan sana'a sun ta'allaƙa ne ga irin wanda ake yi a gulbi da fadama da ƙananan tafkuna, inda masunci kan faɗa ruwa da gora da koma, ko ya tsaya a gaɓa ya jefa birgi. Irin wannan ne ake gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. To amma tun daga shekarun 1960, lokacin da aka shiga gina manyan madatsun ruwa a Nijeriya, masunta suka wayi gari da wani irin ruwa wanda kakanninsu ba su saba da shi ba, wato tafki mai faɗi, mai zurfin da gwangwala ba ta isa ƙasansa.

Wannan babi zai yi bayanin yadda ake neman giwan ruwa da yadda ake kama shi a irin wannan tafki a lokacin bazara. An ɗauki Tafkin Kainji a matsayin misali, saboda yana da zurfi, kuma Hausa ita ce harshen da masuntansa suke hulɗa da ita. Za a ga cewa idan bazara ta kankama, zafin ruwa da yawan iskar shaƙa da ke cikinsa su ne suke yanke wa giwan ruwa wurin zama. Masuncin da ya gane wannan shi ke komawa gida da kifi, wanda bai gane ba kuwa yana iya kwana yana jefa ƙugiya a ruwan da babu mai rai a cikinsa.

2.0 Giwan Ruwa: Sunansa da Siffarsa

Kalmar giwan ruwa harɗaɗɗen suna ne, wanda aka gina daga giwa da ruwa, kamar yadda aka gina ragon ruwa, wanda shi ma kifi ne, da karen ruwa, wanda dabba ce. Bahaushe ya dubi abin da ya fi kowane girma a cikin dabbobin dawa, sai ya ara wa babban kifi sunansa. Akwai abin lura a nan ta fuskar nahawu. Giwa kalma ce mai jinsin mace, don haka mahaɗin nasabarta -r ne, kamar a giwar daji. Amma a sunan kifin sai aka sami -n, kuma ana ɗaukar kalmar duka a matsayin namiji, a ce giwan ruwa ya tsinke igiya. Wannan yana nuna cewa kalmomin biyu sun riga sun dunƙule sun zama suna guda, wanda ya bi jinsin kifi.

Masana kimiyya suna kiransa Lates niloticus. Ana samunsa tun asali a kogunan Nilu da Kwara da Binuwai da Sanagal da Volta da Kwango, da kuma Tafkin Chadi. Mutanen Misira na dā sun girmama shi ƙwarai, har an tono gawarwakinsa da aka shafe da magani aka binne a garin Esna. Yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake akasarin waɗanda ake kamawa ba su kusanci haka ba. Macen ta fi namijin girma.

Jikinsa fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, gadon bayansa kuma yana da ɗan duhu tare da ƙayoyi masu tsini. Bakinsa yana da faɗi, kuma muƙamuƙinsa na ƙasa ya ɗan zarce na sama. Ba shi da manyan haƙora irin na tsage. Idan zai ci kifi, sai ya wage baki farat ɗaya ya zuƙe shi tare da ruwa, ya haɗiye shi ɗungum. Idanunsa suna ƙyalli idan an haska su da dare, domin an halicce su ne yadda za su iya gani a ƙarancin haske. Wannan ne ya sa ya fi farauta da asuba da almuru.

Halaye biyu na wannan kifi su ne ginshiƙin duk bayanin da zai biyo baya. Na farko, mai kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe a jikin dutse ko kututture ya jira abinci ya gifta. Na biyu, ba ya jure ƙarancin iskar shaƙa. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iska daga sarari, shi ya sa suke rayuwa a ruwan kwatami da taɓo. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwa, duk numfashinsa daga cikin ruwa yake samunsa.

3.0 Tafkin Kainji

An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, domin samar da wutar lantarki. Ruwan da madatsar ta tare ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136, da faɗin da ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Idan ya cika yakan rufe fili mai murabba'in kilomita 1,270 a tsakanin jihohin Neja da Kebbi. An tayar da mutane fiye da 40,000 daga matsugunansu, kuma ruwa ya shanye tsohon garin Bussa, aka gina Sabuwar Bussa a madadinsa. Masu su a wannan tafki sun haɗa da Sarkawa, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, da Gungawa da Kambari da Nufawa da Hausawan Kabi da sauransu.

Tafkin ya kasu kashi uku. Kashin arewa, wajen Yawuri, siriri ne, kuma har yanzu yana da kamannin kogi. Kashin tsakiya shi ne mai faɗi, inda tsibirin Foge yake. Kashin kudu kuwa matsattse ne, amma shi ya fi zurfi, domin kusa da madatsa zurfinsa yakan kai mita 60, alhali matsakaicin zurfin tafkin gaba ɗaya bai wuce mita 11 zuwa 12 ba.

Yana da kyau a tuna cewa ƙasan tafki irin wannan ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar faranti. Duk abin da ke wurin kafin zuwan ruwa yana nan a ƙarƙashi: tsohon kwarin kogi, da tuddai, da kufan garuruwa, da itatuwan da ba a sare ba, da duwatsun Bussa, inda Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya rasa ransa a 1806. Waɗannan su ne maɓoyar giwan ruwa.

Ruwa yana shigo wa tafkin da yawa sau biyu a shekara. Akwai na daminar yankin, wanda yake zuwa daga Agusta zuwa Oktoba a gurɓace da laka, da kuma wanda ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya daɗe a fadamun ƙasar Mali, sannan ya iso a tace tsakanin Disamba da Fabrairu. Masu bincike suna kiran na farko farar ambaliya, na biyu baƙar ambaliya. Daga nan sai shigowar ruwa ta ragu, alhali injinan lantarki suna ci gaba da jan nasu, don haka a duk tsawon bazara tafkin janyewa yake yi, har ya sauka da kimanin mita 10 kafin sabon ruwa ya zo.

4.0 Yadda Bazara Take Sauya Ruwan Tafki

Duk wanda ya taɓa yin wanka a tafki da rana tsaka ya san cewa ruwan da ke wajen ƙirjinsa yana da ɗumi, na wajen ƙafafunsa kuwa yana da sanyi. Dalili shi ne ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, don haka yakan tsaya a sama kamar yadda mai yake tsayawa a kan ruwa. A tafki marar zurfi wannan bambanci ba ya daɗewa, domin iskar dare kaɗai ta isa ta gauraya shi. Haka abin yake a Tafkin Chadi, wanda zurfinsa 'yan mitoci ne. A tafki mai zurfi kuwa, ƙarfin iska ba ya kai wa ƙasa, sai bambancin ya zauna na tsawon watanni.

A Kainji, lokacin hunturu iska mai sanyi takan sanyaya ruwan sama, ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, tafkin duka ya gauraya. A wannan lokaci kifi yana iya zama a kowane zurfi. Amma daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, rana takan gasa ruwan sama, sai ɓangaren tafkin mai zurfi ya kasu hawa uku kamar haka:

(i) Ruwan sama. Shi ne mai ɗumi, mai haske, wanda iska take kaɗawa. A nan ƙananan tsirran ruwa, waɗanda ido ba ya gani, suke samun hasken rana suna samar da iskar shaƙa, wadda masana kimiyya ke kira oksijin.

(ii) Ruwan tsakiya. Wannan hawa ba shi da kauri sosai, kuma a cikinsa ne zafi yake raguwa da sauri yayin da ake yin ƙasa. Ana iya kiransa shamaki, domin shi ne yake hana na sama da na ƙasa haɗuwa.

(iii) Ruwan ƙasa. Shi ne mai sanyi da duhu. Matattun tsirrai da ƙwari da kashin kifi duk nan suke gangarowa su ruɓe, ruɓewa kuwa tana cin iskar shaƙa. Tun da shamaki ya hana sabuwar iska saukowa, a hankali sai wadda ke nan ta ƙare. Wani lokaci har ruwan yakan riƙa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Bugu da ƙari, shi kansa ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar na sanyi. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe kimanin miligiram 9, amma idan zafin ya kai digiri 30 sai adadin ya sauko zuwa kimanin 7.5. Ke nan a bazara giwan ruwa yana cikin matsi ta fuska biyu: can sama akwai zafi da hasken da bai dace da farautarsa ba, can ƙasa kuma babu numfashi. Abin da ya rage masa shi ne ƙasa-ƙasan ruwan sama zuwa bakin shamaki. Irin wannan rarrabuwar ruwa tana aukuwa a tafkunan Turai da Arewacin Amurka a nasu lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, kuma masuntan can ma da ita suke lissafi.

5.0 Dabarun Gano Inda Yake

Masu iya magana suna cewa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kuskuren da baƙon tafki ya fi yi shi ne ya ɗauka cewa babban kifi yana inda ya fi zurfi, sai ya nufi tsakiyar ruwa ya saki ƙugiya har ƙasa. A hunturu yana iya dacewa, amma a bazara ya wuce kifin ya baro shi a sama. Gwanayen masunta sukan bi waɗannan matakai:

(i) Sanin ƙasan ruwa. Wurin da ya fi ko'ina albarka shi ne inda shamaki ya haɗu da wani abu mai tauri, wato gaɓar tsohon kwarin kogi, ko kan tudun da ruwa ya rufe, ko gangaren dutse, ko rassan manyan itatuwa. A irin waɗannan wurare kifin yana samun maɓoya da iskar shaƙa a lokaci guda. Dattawan da suka san yankin tun kafin zuwan ruwa su ne suka fara nuna wa 'ya'yansu waɗannan wurare. Tun da babu alama a kan ruwa, masunci yakan riƙe wuri ta hanyar saiti: ya daidaita wata bishiya da wani dutse a gaɓa ɗaya, ya kuma daidaita wasu alamu biyu a ɗaya gaɓar, inda layukan biyu suka gamu nan ne wurin.

(ii) Awon zurfi. Akan ɗaura dutse ko dalma a igiya a saki, sannan a janyo ana aunawa da gaba, wato tsawon hannuwa biyu idan an miƙe su. Idan ana tafe ana samun gaba uku, gaba huɗu, sai kwatsam aka sami goma, to an iso bakin kwari. Abin da dutsen ya ɗebo shi ma shaida ne. Baƙar laka mai wari alama ce ta ruwan da ba shi da iska. Wajibi ne a riƙa sabunta awo, domin ruwa yana janyewa, kuma tudun da ke gaba shida a Maris yana iya komawa gaba uku a Mayu.

(iii) Gwaji da ɗan kifi mai rai. Ana iya jera ƙananan kifaye masu rai a igiya guda, kowane a zurfinsa, a saki na ɗan lokaci sannan a janyo. Waɗanda suka fito da rai suna sama da shamaki, waɗanda suka mutu kuwa sun shiga ruwan ƙasa. Da haka masunci zai san iyakar zurfin da ya kamata ya tsaya.

(iv) Bin abincinsa. A tsakiyar Tafkin Kainji akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye masu yawo garke-garke, waɗanda ake kira warangi. Da rana sukan yi ƙasa, da almuru su taso sama. Kawara da sauran matsakaitan kifaye suna bin su, giwan ruwa kuma yana bin duka. Idan aka ga tsuntsaye masu cin kifi suna shawagi suna faɗawa wuri guda, ko aka ga ƙananan kifaye suna tsalle a firgice, akwai abin da ya koro su daga ƙasa.

(v) Lura da iska da gudun ruwa. Iska tana tura ruwan sama, tare da abincin da ke cikinsa, zuwa gaɓar da take bugawa, kuma raƙuman ruwa suna ƙara masa iskar shaƙa. Saboda haka gaɓa mai duwatsu wadda iska ta yini tana duka ta fi lafaffiyar gaɓa kifi. Haka nan mashigin rafi da matsatsin da ruwa ke gudu.

(vi) Zaɓen lokaci. Daga asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, giwan ruwa yakan bar maɓoyarsa ya hau sama-sama farauta. Da rana tsaka yakan koma inuwar dutse ya lafe.

A zamanin yau akwai na'urar da ake ɗora wa jirgi, wadda take aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa. Da yake sauti yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda a cikin ruwa, na'urar takan lissafa zurfi nan take, ta nuna ƙasan tafki da garken kifi a allo. Masu bincike da masu su don nishaɗi su ne suka fi amfani da ita, saboda tsadarta. Abin da take nunawa bai saɓa wa abin da igiya da dutse suke nunawa ba, sai dai ta fi sauri.

6.0 Kayan Aiki da Hanyoyin Kamu

Gora da koma da birgi duk kayan ruwa marar zurfi ne. A tafki mai zurfi, daga cikin kwale-kwale ake aiki, kuma hanyoyin da suka fi dacewa da giwan ruwa su ne waɗannan:

6.1 Kalli

Kalli raga ce doguwa wadda ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kamar bango. Ana ɗaura abubuwa masu iyo a igiyarta ta sama, da dalma ko duwatsu a ta ƙasa. Kifi yakan cusa kai cikin idon ragar, ya kasa wucewa, ya kasa komawa. Masunta suna auna idon raga da yatsu, kuma giwan ruwa yana bukatar mai babban ido da zare mai ƙwari. Sirrin kalli a bazara yana ga tsawon igiyoyin da suka haɗa ta da goruna ko galan-galan da ke iyo a sama, domin su ne suke tsayar da ita a zurfin da ake so. Idan ta sauka ƙasa da shamaki, sai a janyo ta wayam. Akan kafa ta da yamma a duba da asuba. Ba a jinkiri, saboda kifin da ya mutu a ruwan ɗumi yana saurin lalacewa.

6.2 Mamari

Mamari doguwar igiya ce wadda aka jera wa ƙugiyoyi masu yawa, kowace a ƙarshen ɗan gajeren zare. Don kama giwan ruwa akan yi amfani da manyan ƙugiyoyi, a maƙala musu ƙananan kifaye masu rai, kamar 'yar ƙarfasa ko kawara ko 'yar tarwaɗa. Akan soke ɗan kifin a gadon baya ko a leɓe yadda ba zai mutu ba, domin motsinsa ne yake jawo mafarauci. Ana shimfiɗa mamari a tsawon gaɓar kwari, a rataye shi da goruna yadda ƙugiyoyin ba za su kwanta a laka ba.

6.3 Igiyar Hannu da Fatsa

A nan masunci yakan tsayar da jirgi a gefen dutse ko itace, ya saki ƙugiya guda zuwa zurfin da ya auna, ya jira. Idan giwan ruwa ya ɗauka, ba a fizgewa nan take. Akan ba shi ɗan lokaci ya haɗiye, sannan a ja da ƙarfi. Abin da yake fara yi shi ne ya nufi duwatsu ko rassa don ya goge igiya ta tsinke, saboda haka aikin farko shi ne a karkato kansa zuwa sarari. Yakan kuma taso sama ya wage baki yana girgiza kai don ya zubar da ƙugiya. Ba a naɗa igiya a hannu ko a ƙafa, domin kifi mai kilo 50 yana iya fizge mutum daga jirgi. Idan ya gaji, sai a jawo shi gefen jirgi a soke shi da zago ko a saƙale shi da babbar ƙugiya. A kula da murfin da ke gefen kansa, domin yana da kaifi da ƙaya.

6.4 Jan Kifin Bogi

A Tafkin Nasir na ƙasar Masar, masu su don nishaɗi sukan ɗaura kifin bogi na roba ko ƙarfe mai ƙugiyoyi, su riƙa jan sa a bayan jirgi mai inji a hankali, suna bin gefen duwatsu. Nauyinsa da tsawon igiya su ne suke ƙayyade zurfin da zai bi. Amfanin wannan hanya shi ne ana bincika wuri mai faɗi cikin ɗan lokaci.

7.0 Bayan Kamu da Hatsarin Sana'a

A cikin giwan ruwa akwai wata jakar iska wadda take taimaka masa tsayawa a zurfin da yake so. Nauyin ruwa yana matse wannan jaka, kuma kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsi daidai da na iskar sarari gaba ɗaya. Idan aka janyo kifi da sauri daga mita 20, iskar da ke jakar tana iya ninkawa har sau uku, cikinsa ya kumbura, idanunsa su firfito. Irin wannan kifi ko an sake shi da wuya ya rayu. Ita kanta jakar haja ce mai daraja, domin ana busar da ita a kai ƙasar Sin, kuma cinikinta ya bunƙasa ƙwarai a yankin Tafkin Biktoriya.

Naman giwan ruwa fari ne, ba shi da ƙananan ƙayoyi, shi ya sa yake da tsada. Amma zafin bazara ba ya jira. Dole a fasa cikinsa da wuri, a ajiye shi a inuwa ko cikin ƙanƙara, ko kuma a yanyanka shi a yi banda kafin a kai shi kasuwa irin ta Yawuri.

Ƙarshen bazara shi ne lokacin da ya fi hatsari. Hadarin farkon damina yakan taso da guguwa ba zato, kuma janyewar ruwa takan kusanto da kututturai zuwa sama, su fasa jirgi. A watan Mayun 2021 wani jirgin fasinja ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasa rayukansu. An ce iya ruwa fid da kai. Masunci mai hankali yakan dubi gabas kafin ya yi nisa da gaɓa, kuma ba ya raina rigar kariya. Guguwar tana shafar kifin ma. Idan ta yi ƙarfin da ta fasa shamaki, ruwan ƙasa marar iska yakan taso farat ɗaya, sai a wayi gari da matattun kifaye suna iyo, kuma giwan ruwa yana cikin na farkon mutuwa. An ga haka a ɓangaren Yuganda na Tafkin Biktoriya a farkon 2021.

8.0 Kiyaye Irin Kifin

Ilimin da ke sauƙaƙa kama giwan ruwa shi ne kuma yake iya ƙarar da shi, domin a bazara kifin yana tattare a wurare ƙalilan. Babbar mace tana zuba miliyoyin ƙwai, amma sai ta yi shekaru kafin ta kai munzalin haihuwa. 'Ya'yan kuwa a bakin gaɓa suke girma, cikin ciyayi. Wannan ne ya sa raga mai ƙaramin ido wadda ake ja zuwa gaɓa, wato dala, take da mummunar illa: ana jan ta ne don warangi, amma tana kwaso 'ya'yan giwan ruwa da na sauran manyan kifaye. Dokar kamun kifi ta koguna da tafkuna ta 1992 ta hana amfani da raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun raguna, ta kuma hana su da guba da nakiya da lantarki. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka haramta dala a Tafkin Kainji. Sai dai tsare doka a ruwa mai wannan faɗi aiki ne da ba ya yiwuwa sai da hannun sarakunan ruwa da su kansu masunta.

Tarihin wasu tafkuna yana da darasi. A Tafkin Chadi, farin shekarun 1970 ya janye buɗaɗɗen ruwa ya bar fadamu masu ƙarancin iska, sai giwan ruwa ya ragu ƙwarai, tarwaɗa da ire-irenta suka maye gurbinsa. A Tafkin Biktoriya kuwa, inda ba a san shi ba tun asali, an zuba shi a shekarun 1950, ya yaɗu a shekarun 1980, ya kawo kuɗin shiga mai yawa, amma ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kimanin 200. Daga baya shi kansa yawan kamu ya rage shi, har aka hana kama wanda bai kai tsawon santimita 50 ba.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin sunan giwan ruwa da halayensa, da yanayin Tafkin Kainji, da yadda zafin bazara yake raba ruwa mai zurfi hawa uku. An nuna cewa kifin yana zama ne sama da shamaki, a jikin duwatsu da itatuwa da gaɓar tsohon kwari, kuma duk kayan aikin da za a yi amfani da su, ko kalli ko mamari ko igiyar hannu, nasararsu tana ga tsayar da su a zurfin da ya dace. Ga malamin Hausa, wannan fanni taska ce ta kalmomi waɗanda yaran birni ba su san su ba, kuma da yawansu sun bambanta daga karin harshe zuwa wani. Yana da kyau malami ya kai ɗalibansa wurin masunta mafi kusa, ko ya gayyato Sarkin Ruwa zuwa aji, domin su ji sunayen kifaye da na kayan aiki daga bakin masu su, su rubuta su.

Tambayoyi

1. Yi bayanin ginin kalmar giwan ruwa, sannan ka kawo wasu harɗaɗɗun sunaye biyar da suka ƙunshi kalmar ruwa.
2. Me ya sa ruwan ƙasa yake rasa iskar shaƙa a bazara? Ta yaya wannan yake shafar giwan ruwa fiye da tarwaɗa?
3. Kawo dabaru huɗu da masunta suke bi don gano inda giwan ruwa yake.
4. Bambanta tsakanin kalli da mamari da dala.
5. Ziyarci masunta a yankinku, ka tattaro sunayen kifaye goma da na kayan su goma, tare da bayanin kowane.